Salon rubutun da muke saukewa kyauta: ina iyakar izininsa?

Aminu Fagge: Jama'a, wannan zip ɗin da ke yawo a WhatsApp, mai ɗaruruwan salon rubutu, mutane suna zubawa a manhajojin zane irin su PixelLab da CorelDRAW suna yi wa kwastoma aiki. Ya halatta?

Malam Nasiru, Sabon Gari: Aminu, saukewa kyauta daban, izinin cin kuɗi da shi daban. A DaFont, shafin intanet na sauke salon rubutu, kowane salo da alamarsa a saman maɓallin saukewa. In ka ga "Free for personal use", katin sunan ɗanka ya halatta, amma tambarin shagon atamfa a Kantin Kwari, ko fostar da aka biya ka, sai ka sayi lasisi wajen mai shi. Ko "100% Free" ma kada ka tsaya a kanta, wanda ya ɗora salon ne ya zaɓi alamar. Buɗe zip ɗin ka karanta takardar lasisin da ke ciki, ita ce hujja. Matsalar na WhatsApp ke nan: an zubar da takardun, fayilolin kawai suka rage, ba ka san na wa ba ne.

Hajiya Rabi: Mafi sauƙi Google Fonts, shafin Google na salon rubutu kyauta. Yawancinsu suna ƙarƙashin lasisin OFL (Open Font License) na SIL, wata ƙungiya mai aikin harsuna. Ka yi tambari, ka buga bana, ka sa a manhaja, ka karɓi kuɗinka. Abin da aka hana shi ne sayar da fayil ɗin shi kaɗai. In ka gyara shi kuma, idan lasisin ya ce an keɓe sunan, dole ka sa masa wani suna.

Ga abin da ke damuna a aikin Hausa: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Salo da yawa ba su da su, sai kwamfuta ta aro harafin daga wani salon, ka ga "ƙasa" ƙ ɗinta siririya sauran haruffan kuma masu kauri. Kafin fara aiki a rubuta "Ɓaure, Ɗanjuma, ƙofa, ₦500" a gani. Noto Sans, Andika da Charis suna da haruffanmu. Masu ajami kuma ga Alkalami, wanda SIL ta tsara bisa rubutun hannun yankin Kano, shi ma OFL ne.

Aminu Fagge: Hajiya, in na zana wa k ɗin lanƙwasa da kaina fa?

Hajiya Rabi: A kan zanen da ka gama, wani abu ne. Amma buɗe fayil ɗin ka ƙara masa harafi gyara ne, kuma lasisin saye da yawa sun hana.

Malam Nasiru, Sabon Gari: Sai batun kai aiki wajen bugawa. Kada a tura wa mai injin fayil ɗin salon da aka saya, galibi lasisin na kwamfutarka ne. A mayar da rubutun zane: Ctrl+Q a CorelDRAW, Ctrl+Shift+O a Illustrator, a ajiye kwafin da ba a mayar ba saboda gyara. Amma a sani, wannan bai wanke salon da tun farko ba a ba ka izinin kasuwanci da shi ba.

Sadiya Hotoro: Na Adobe Fonts, waɗanda ake samu ta biyan kuɗin wata, suna tsayawa ranar da kuɗin ya ƙare, abin da ka riga ka fitar a PDF ko hoto yana nan, gyara ne ba za ka iya ba. Masu alamar "Demo" kuma sau da yawa babu lambobi a ciki, sai an zo rubuta lambar waya a jikin bana ake ganewa. Rasidin saye da takardar lasisi a ajiye su a jaka ɗaya da aikin kwastoman.