Shin mutum-mutumi mai ƙafa huɗu yana kwaikwayon tafiyar dabba ne?

Aminu:
Assalamu alaikum. Doki yana sauyawa daga tafiya zuwa sassarfa, daga sassarfa zuwa sukuwa, ba tare da ya tsaya lissafin ƙafar da zai ɗaga ba. Shin masu ƙera mutum-mutumi mai ƙafa huɗu suna rubuta wa kwamfuta kowane taku ne daki-daki, ko kuwa akwai dabarar da suka aro daga jikin dabba?

Injiniya Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Akwai dabarar, kuma tushenta yana cikin laka, wato jijiyar da ke bi ta cikin ƙashin baya. A shekarar 1911 Thomas Graham Brown ya nuna cewa lakar kyanwa tana iya aika wa tsokokin ƙafa saƙon lanƙwashewa da miƙewa bi da bi, ko da an raba ta da ƙwaƙwalwa. A 1966 kuma Shik da Severin da Orlovsky suka gano a Mosko cewa idan aka ƙara ƙarfin lantarkin da ake tsokanar wani ɓangare na ƙasan ƙwaƙwalwar kyanwa da shi, sai ta tashi daga tafiya ta koma sassarfa, har ta kai ga sukuwa. Ke nan ƙwaƙwalwa sauri kawai take nema, laka ce take jera ƙafafun.

Abin da injiniyoyi suka ɗauka shi ne su ba kowace ƙafa ɗan lissafi mai bugawa a kai a kai kamar zuciya, sannan su daidaita bugun huɗun. Aikin da ya fi burge ni shi ne na Owaki da Ishiguro na Jami'ar Tohoku a Japan a 2017, domin ba su haɗa lissafin ƙafafun da juna ba sam. Kowace ƙafa nauyin da ke kanta kawai take ji, ta jinkirta ɗagawa muddin tana ɗauke da jiki, amma duk da haka da aka ƙara sauri sai salon tafiyar ya sauya da kansa.

Bashir:
Injiniya, na yarda da bayaninki, sai dai ina ganin bai kamata a kambama kwaikwayon ba. Mutum-mutumin ANYmal na jami'ar ETH Zurich a Suwizalan ya koyi tafiya ne ta hanyar maimaita gwaji da faɗuwa a cikin kwamfuta kafin a ɗora abin da ya koya a kan ƙarfe. Haka kuma jijiyar ƙafar doki tana adana ƙarfi idan ta miƙe ta kuma sake shi, alhali injin lantarkin da ke juya gaɓar mutum-mutumi ba shi da wannan siffa sai an ƙara masa sifirin.

Injiniya Hadiza:
Gaskiya ne, Malam Bashir, amma ko a wannan koyon akan hukunta na'urar idan ta ɓarnatar da makamashi, kuma tun 1981 Hoyt da Taylor suka nuna cewa doki yakan zaɓi salon da ya fi rage masa kashe ƙarfi a kowane sauri. Wasu masu binciken ma yanzu suna haɗa hanyoyin biyu, inda koyon yake sarrafa bugun ƙafafun maimakon ya juya kowace gaɓa kai tsaye.