Musayar Waƙa: Kwana Uku A Bakin Tafkin Grasmere

Baƙon Tafki:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hutun watan Yuni na yi shi a Grasmere, wani ƙauye a yankin Cumbria, arewa maso yammacin Ingila. Ga tsarabata da amsa-amon "wa". Mai baiti ya ƙara.

Da sunan Ubangiji zan buɗe baki,
Shi ya kafa dutse, Shi ya saukar da ruwa.

Salati ga Manzo, sannan in ba ku labari
Na ƙauyen da na je na kasa mantawa.

Jirgin ƙasa na hau daga Manchester,
A Windermere layin dogon ke ƙarewa.

Nan na shiga bas mai lamba 555,
Muka wuce Ambleside, duwatsu na ƙaruwa.

Grasmere ta tarbe ni da yayyafi,
Siriri, kamar gari daga rariya yana zubowa.

Gidajen dutse ne, rufinsu ma dutse,
Toka-toka, gansakuka na lulluɓewa.

Kogin Rothay ya ratsa tsakar ƙauyen,
Ya gangara tafki, ba ya gaggawa.

Tafkin ƙarami ne mai tsibiri ɗaya,
Cikin awa biyu ƙafa ta gama zagayawa.

Da iska ta kwanta, dutse ya fito cikin tafki,
Kansa a ƙasa, gajimare na giftawa.

Na durƙusa bisa tsakuwa na tsoma hannu,
Sanyinsa ya fi randar hunturu ratsawa.

Gwaggo:
Ɗana, barka da hanya, na ji baitinka,
Amma tambayar uwa nake kawowa.

Me ka ci a can? Ina ka sa goshi?
Garin da ba ladan, yaya ake ganewa?

Na san halinka da ƙin ɗaukar kaya,
Rigar sanyi ka tafi da ita kuwa?

Baƙon Tafki:
Gwaggo, ranki ya daɗe, kwantar da hankali,
Ta sanyi da ta ruwa duka nake sawa.

Kifi da dankali na ci, da burodi,
Abin da na yi shakka ban yarda da taɓawa.

Ban ga masallaci ba, waya ta nuna alƙibla,
Gabas maso kudu nake fuskantowa.

Ƙarfe 9 na dare ina karatu ba fitila,
Sai 10 saura kaɗan rana ke faɗuwa.

Magariba a bakin tafki na yi ta,
Agwagi a gefena suna ta kurɓar ruwa.

Na yi isha, na ɗan runtsa, na yi asuba,
Kafin ƙarfe 5 gari ya gama wayewa.

Akwai wani ɗan shago a jikin harabar coci,
Ƙamshin citta tun daga titi yake tarowa.

Wata Sarah Nelson ta fara gashin a 1854,
Sirrin haɗin har yau ba a faɗawa.

Tsakanin biskit da kek yake, gari-gari a sama,
Naki na cikin takarda, Gwaggo, ina tahowa.

Malama:
Ƙanena, ka taka ƙasar mawaƙi,
Baitinka bai ambace shi ba tun farawa.

William Wordsworth ya zauna a gidan Dove Cottage,
Daga 1799 zuwa 1808 yana rubutawa.

A 1850 ya rasu, a nan aka binne shi,
Ka kai ga kabarin, ko ruwa ya hana zuwa?

Baƙon Tafki:
Yaya, na je, bayan cocin St Oswald,
Allon dutse ne kawai, ba adon burgewa.

Sunansa da na matarsa Mary a haɗe,
Ƙanwarsa Dorothy kusa, kogi na wucewa.

Baƙi sun yi layi da wayoyi a hannu,
Na tsaya kaɗan, na ba na baya wurin tsayawa.

Ɗan Makiyayi:
Ɗan'uwa, ni a ruga aka yanke cibiyata,
Na san inda ruwa ya zauna ciyawa na fitowa.

Wace dabba suke kiwo a duwatsun nan?
Wa ke bin ta da sanda in gari na wayewa?

Baƙon Tafki:
Wallahi tambayar nan nake jira. Rabin kwanakina a bayan tumaki na yi su, don haka ku yi haƙuri da tsawon amsa.

Ɗan'uwa, ka taɓo inda zuciyata take,
Tumaki suka riƙe ni na kasa wucewa.

Herdwick ake kiran su, 'yan asalin dutsen,
Baƙi wuluk ɗan yake ranar haihuwa.

Yana girma gashin ya yi ƙasa-ƙasa, ya yi toka,
Fuska ta yi fari kamar furfura na saukowa.

Gashin da kaushi, ruwa bai cika ratsa shi ba,
Ko ƙanƙara ta sauka ba sa gudowa.

Gonakin ƙasa katangar dutse ta raba su,
Ba siminti, ba laka, hannu ne ya iya jerawa.

Amma can ƙololuwa babu shinge ko ɗaya,
Garke da garke, makiyaya ce ta kowa.

Na gamu da wani dattijo da karnuka biyu,
Na ce, "Baba, ba sa ɓata? Ba sa cakuɗuwa?"

Ya nuna min gefen dutse da sandarsa,
Ya ce kowace tunkiya ta san wurin komawa.

Inda uwa ta yi kiwo da ita tana ƙarama,
Nan za ta kai 'yarta, haka ake gadowa.

Ko manomi ya tashi wani ya karɓi gonar,
Garken na nan, tare da ita ake miƙawa.

Fenti ja ko shuɗi a gashi, tsaga a kunne,
Irin shaidar da kuke wa shanu don ganewa.

Sai ya ambaci 2001, muryarsa ta sauka,
Ciwon baki da kofato ya zo yana yaɗuwa.

Aka yi ta kashe dabbobi a faɗin Cumbria,
Hayaƙi ya tashi inda ake ƙonewa.

Ya ce tunkiyar saye ba ta san dutsen ba,
Shekaru ake bin ta ana koyarwa.

Ya yi fito, kare ya miƙa sama kamar kibiya,
Na tsaya a yayyafi ina kallon su suna haurawa.

Ɗan Makiyayi:
Allahu Akbar, ka tayar min da tsohon miki,
Muryar dattijon nan na san irin saukowa.

A 1983 ciwon bushiya ya shiga garken babana,
Ina yaro na ga manya suna zubar da ƙwalla da safiya da yammaciwa.

Farar saniya mai ja mana gaba a burtali,
Ita ta san mashaya, ita ta fara faɗuwa.

Waɗanda muka sayo bayanta ba su san hanya ba,
Damina uku muna gaba suna biyowa.

In Allah Ya sa ka koma ƙauyen nan,
Ka ce wani ɗan Fulani yana gaisuwa.

Baƙon Tafki:
Na karɓi saƙo, ɗan'uwa, amana ce,
Ban san sunansa ba, amma ƙofar gonar ina ganewa.

Ya ce a Yuli ake sauko da su don aski,
Maƙwabta su haɗu da karnuka suna tarowa.

Ranar tafiyata na sake hawa da sassafe,
Wata tunkiya da baƙin ɗanta suna cin ciyawa.

Ta ɗago farar fuska ta dube ni,
Ta mai da kai ƙasa, bas ɗina na ƙasa yana isowa.

Gwaggo:
To ɗana, in za ka koma ka faɗa min da wuri,
In daka maka yaji da dakuwa ka kai wa dattijon kuwa.