Kalar atamfa na canzawa daga waya zuwa waya

Tambaya: Jama'a, me ya sa hoton atamfa ja ke fita jawur a Samsung, amma a wata wayar ya koɗe?

Mai Gyara: Malam, saitin allo ne. Samsung mai allon AMOLED na zuwa a kan saitin kala na Vivid, mai ƙara wa kala gishiri. Shiga saitin allo ka mayar Natural, shi ke bin ma'aunin kala na sRGB da yawancin hotunan intanet ke kai.

Hajiya: A iPhone kuma a kashe saitukan allo na True Tone da Night Shift kafin a duba kala, suna sa fari ya yi ɗorawa-ɗorawa.

Mai Gyara: In an taɓa canza allon da allon LCD mai araha fa, saiti ba zai gyara ba. Baƙi zai riƙa fita toka-toka, don fitilar bayansa ba ta mutuwa.