Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka: ta zauna a maganar jirgin yaƙi?

Baffan Jekadafari: Jama'a jiya a majalisarmu bayan isha'i ana hirar jiragen soja da ke ruwan bama-bamai a dazukan 'yan bindiga, sai wani ya ce ai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni dai har na kwanta ban yarda karin maganar ta zauna ba.

Ɗan Pantami: Baffa ai ta zauna daram. Wanda ya ɗau bindiga ya shige daji yana satar mutane shi ya kira jirgi, in bam ya sauka a kansa wa zai zarga?

Maman Khadija: To mutanen Tudun Biri fa? Disamban 2023 suna tsakiyar Mauludi a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna jirgi maras matuƙi ya sakar musu bam, hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ce mutum 85 aka binne, da yawansu mata da yara. Wane ruwa suka ja fisabilillahi?

Ɗan Pantami: Hajiya wannan kuskure ne kuma soja sun amsa. Yaƙi ɗan zamba ne, maharan nan cikin ƙauyawa suke sajewa, daga sama ta yaya za ka bambance?

Malam na Bolari: Ɗana ka karkatar da ita, zambar nan abokin gaba ake yi wa ba talakan da ka fito karewa ba. Kuma kuskuren ba na farko ba ne, a Rann ta jihar Borno Janairun 2017 sansanin 'yan gudun hijira aka jefa wa bam har da ma'aikatan agaji. Sayyidina Abubakar da zai tura runduna Sham cewa ya yi kar a kashe mace ko yaro ko tsoho, ko itace mai 'ya'ya kar a sare. Dokar yaƙi ta Geneva ta 1977 ma ta wajabta rarrabe mayaƙi da farar hula. In ba ka bambance ba, ai sai ka riƙe hannunka.

Ɗan Pantami: Allah gafarta Malam na ji, amma in an riƙe hannu su kuma su tsere su dawo su ƙone wani garin fa?

Baffan Jekadafari: Ni abin da na sani kakata tana faɗinta ne ga yaron da ya tsokano faɗa aka lakaɗa masa duka, mutum ɗaya laifi ɗaya. Ban taɓa jin ta faɗa wa maƙwabcin da dukan ya shafa ba.

Maman Khadija: Ɗan Pantami har yanzu ina jiran amsar Tudun Biri fa.