Dan Allah ku ba ni shawara, zan raka ƙanena kallon 'yan kiɗan rok karon farko

Yayar Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema kuma da ɗan gaggawa don jibi nake so na sayi tikiti. Ƙanena ne autanmu, shekararsa 16, akwai wata ƙungiyar 'yan kiɗan rok da yake mutuwar so har jita ya koya saboda su, to za su yi wasa a wani tsohon zauren wasan kwaikwayo irin mai benen nan, kuma masu zauren sun ce wanda bai kai 18 ba sai da babba, shi ne na ce ni zan raka shi. Ni dai ban taɓa shiga irin wannan wajen ba ko sau ɗaya. Tikitin kala biyu ne, akwai na tsayuwa a ƙasa gaban dandamali inda suka kwashe kujeru, akwai na zama a bene, shi yaron ya kafe sai ƙasa kuma sai gaba can inda zai ga yatsun mai jita. Ni kuma kunnena nake ji, akwai lokacin da na tsaya kusa da lasifika a wani taro na yi kwana biyu kunnena yana ƙara kamar kukan gyare, wallahi na tsorata sosai, ba na so hakan ya sake faruwa da ni balle shi da yake yaro. Wane waje ya fi, ya zan yi da maganar kunnen, kuma ƙarfe nawa ya kamata mu isa? Ba na so na ɓata masa ranar da ya daɗe yana jira.

Mai Miksa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Aikin sauti nake yi, don haka bari na fara da kunnen, shi ne babba a cikin tambayoyin naki. Wannan ƙarar da kika ji kwana biyu gargaɗi ne kunnenki ya yi miki. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi su ne ke ɗaukar sauti, ƙara mai yawa tana wahalar da su, wanda ya mutu a cikinsu kuma ba ya sake fitowa har abada, shi ya sa ba a wasa da abin. Lissafin da ake amfani da shi a wuraren aiki shi ne, a ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira disibel, 85 awa 8 mutum zai iya ɗauka, duk ƙarin 3 sai lokacin ya rabu biyu, 88 awa 4, 91 awa 2, a haka in kika kai 100 minti 15 ne kacal. Wasan rok kuwa a wajen 100 yake yawo, gaban lasifika ya fi haka, kuma dare guda za ku yi awa biyu zuwa uku a ciki, kin ga lissafin bai fita ba. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya da ta fitar da ƙa'idar wuraren kiɗa a 2022 cewa ta yi kar matsakaicin sauti ya wuce 100, kuma a tanadar wa mutane abin toshe kunne. To ki sayi abin toshe kunne ku biyu, kar ki dogara za a raba a ƙofa. Akwai na soso mai araha, yana karewa sosai amma yana danne sautin sama sai kiɗan ya yi kamar kina jinsa daga bayan bango, akwai kuma wanda aka yi don makaɗa mai ɗan mataci a ciki, shi yana rage ƙarar ne bai ɗaya ki ji komai tsaf. In ya rage miki 15 kawai, 100 ya dawo 85, minti 15 ɗin nan ya koma awa 8.

Ɗan Gaba-gaba: Anti ni fa gaskiya ina bayan ƙaninki. Wanda ya je rok ya zauna a kujera bai ji rabin abin ba, a ƙasa ne ake jin ganga tana dukan ƙirji kowa yana rera waƙar tare, irin wannan ba a samunsa a waya. Ki bar shi ya tsaya ƙasa dan Allah, karonsa na farko ne. Toshe kunne kuma ni ban taɓa sawa ba, ina ganin kamar ka biya kuɗi ne ka hana kanka ji.

Mai Miksa: Ƙanena maganar ƙasa na yarda da kai, ta kunne ce ban yarda ba. Dukan ƙirjin nan jikinka ne ke jinsa, ko ka toshe kunne yana nan. Ka lura da mawaƙan kansu, yawancinsu akwai abu a kunnensu a kan dandamali. Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya daɗe yana faɗa da bakinsa yadda ƙarar kunne ta dame shi, Brian Johnson mawaƙin ƙungiyar AC/DC kuma a 2016 likitoci suka ce masa ya tsaya da yawon wasa ko ya kurmance, dole ya sauka. Yaron da ke koyon jita kunnensa ne jarinsa, ki faɗa masa haka 'yar uwa zai fi saurin yarda a kan ki ce masa ke ce kike tsoro.

Anti Nas: Ƙanwata abu ɗaya zan ƙara wanda ba a cika tunawa ba, fitilu. Masu rok suna amfani da fitilar nan mai ƙyafta walƙiya da sauri da sauri, kuma tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu, in ɗayanku yana da ita ko yawan ciwon kai mai tsanani ki tambayi masu zauren tun kafin ki biya, galibi suna liƙa sanarwa. Sannan ku ci abinci ku sha ruwa kafin ku shiga, yawancin waɗanda ake fitowa da su a sume daga gaba tsayuwa ce ta yi tsawo ga zafi ga ciki babu komai. Takalmi rufaffe mara tsini, za a taka ku ba da gangan ba.

Kawu: Yarinya ki saurare ni da kyau, na fi shekara talatin ina zuwa irin waɗannan wasannin. Da kun shiga, kafin a rage wuta, ki ɗaga kai ki nemo ƙofofin fita guda biyu banda wadda kuka shigo ta ita, ki nuna wa yaron da hannu. A 2003 a wani gidan kiɗa mai suna The Station a jihar Rhode Island ta Amurka, tartsatsin wasan wuta ya kama soson da aka liƙa a bango, mutum 100 suka rasu, kuma da yawa ƙofar da suka shigo ta ita suka nufa gaba ɗaya suka cushe, alhali akwai wasu ƙofofin. Ba don na tsorata ki na faɗa ba, zauruka masu kujeru da ma'aikata a kowace ƙofa sun fi tsari nesa ba kusa ba, kuma duban ƙofar minti ɗaya ne. Sai maganar turereniya, gaba ta tsakiya daidai jikin shingen ƙarfe nan ne matsi yake taruwa saboda duk na baya can suke turowa, in kika ji ba kya iya ɗaga hannu to lokacin fita ya yi, ki ɗora hannuwa a ƙirji ki riƙa zamewa ta gefe, kar ki yi dambe da taro, abu ya faɗi ƙasa kuma a bar shi ko waya ce. Ko a bakin ƙofa kar ku shiga cikin masu rububi, a 1979 a birnin Cincinnati na Amurka mutum 11 suka rasu wajen rububin shiga wasan The Who tun kafin a fara kiɗa.

Yayar Auta: Na gode ƙwarai, Kawu wallahi maganar ƙofa ko kusa ba ta zo raina ba. To amma har yanzu bene ko ƙasa?

Mai Miksa: Ki sayi na ƙasa amma ku tsaya kusa da teburinmu, wato inda za ki ga mutum tsaye gaban na'ura mai maɓallai da yawa, yawanci tsakiyar zaure ko ɗan baya kaɗan. Daga nan yake saurare yana daidaita komai, don haka sautin da ya fi kyau a duk zauren nan yake. A gaba can jikin dandamali muryar mawaƙi ma sau da yawa wucewa take ta saman kai, sai ganga da jita kawai. Wajen da zan hana ki shi ne can baya ƙarƙashin rumfar bene, sauti yana dushewa a wurin, da kuma gefe daidai bakin lasifika. In kuma kin ga tsayuwar awa uku za ta yi miki yawa, layin farko na bene tsakiya waje ne mai kyau, ana ganin komai har ƙafar mai ganga.

Ɗan Gaba-gaba: Lokaci kuma anti, wanda ke jikin tikiti sau da yawa na buɗe ƙofa ne, sai wata ƙaramar ƙungiya ta fara share fage kamar minti 30 zuwa 45, a canza kaya, sannan manyan su fito su yi awa ɗaya da rabi ko biyu. Ku je da wuri ku kama waje, lokacin 'yan share fagen ma sai ku gwada matsawa gaba ya ga dandamali da kyau tunda babu matsi, in manyan sun kusa fitowa ku dawo baya. Kuma in suka yi sallama suka shige kar ku tafi, muddin ba a kunna wutar zaure ba za su dawo su ƙara biyu ko uku, sau da yawa wadda aka fi so suke ajiyewa. Ku ajiye wajen haɗuwa in kun rabu don waya ba ta jiyuwa a ciki, sannan ki duba ƙa'idar jaka, wasu ba sa barin babbar jaka.

Yayar Auta: Alhamdulillah na samu abin da nake nema. Na nuna masa duk abin da kuka rubuta, ya yarda da tsayuwa kusa da mai na'ura in dai zan bar shi ya je gaba lokacin 'yan share fage, maganar mutumin AC/DC ɗin nan ce ta sa ya yi shiru, shi da kansa ya ce a sayo na kunnen. In ban samu na makaɗa ba kafin ranar, na soson ya ake sa shi? Na taɓa gwadawa yana ta faɗowa.

Mai Miksa: Bai shiga ba ne shi ya sa. Ki murza shi da yatsu ya zama siriri, ki zagayo da ɗaya hannun ta saman kai ki ja kunnen sama da baya, ki tura shi ki riƙe kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cika ramin. Ku gwada a gida tun yau, ku sa kafin a buga gangar farko ba sai kunne ya fara zafi ba, kuma ki tafi da ƙarin guda biyu a aljihu don ɗaya yana faɗuwa a cikin tsalle.