Wai ina ruwan hanji da fargaba?

Ɗan_Fagge:
Slm jama'a, dan Allah masu ilimin lafiya a taimaka min. Duk ranar da zan shiga jarabawa ko intabiyu sai cikina ya kama murɗawa kamar zawo zai tsinke min, wani lokacin sai na zaga banɗaki kafin in samu natsuwa, alhali ban ci wani abu da zai ɓata min ciki ba, da an fito kuma shikenan kamar ba a yi ba. Yayana ya ce olsa ce, abokina ya ce tsoro ne kawai nake sa wa raina. To ni abin da ya ɗaure min kai, me ya haɗa hanji da abin da ke cikin kai?

Ɗalibar_Likitanci:
Wslm ɗan uwa, wlh ba raya maka ake ba, abin gaske ne. Tun daga maƙoshi har ƙarshen babban hanji akwai jijiyoyi shimfiɗe a cikin bangon, ƙwayoyinsu sun haura miliyan 100. Shimfiɗa biyu ce, ɗaya tana tsakanin tsokoki ita ke sa hanji ya matse ta baya ya saki ta gaba abinci ya gangara, ɗayar tana can ciki kusa da inda abinci ke bi, ita ke kula da ruwan narkar da abinci. Tun 1899 wasu Turawan Ingila biyu, Bayliss da Starling, suka yanke jijiyoyin da ke haɗa hanjin kare da ƙwaƙwalwa amma hanjin ya ci gaba da tura abin da ke cikinsa, kaga kenan yana iya tafiyar da kansa.
Amma duk da haka suna magana da ƙwaƙwalwa ta jijiyar bagus, wadda ta sauko daga ƙeya ta bi wuya da ƙirji har ciki, kuma mafi yawan saƙon da ke binta daga ciki yake hawa sama ba daga sama yake sauka ba. Idan ka tsorata jiki na sakin wani sinadari mai suna adiranalin, jini ya koma tsokoki, tumbi ya rage aiki shi ya sa abinci ke fita ranka, shi kuma babban hanji sai ya ƙara sauri, ruwan da ya kamata ya tsotse bai gama ba kashi ya taho a sake.

Nas_Sabongari:
Ta gama magana. Ni dai ƙari na, ka daina yarda da maganar olsa haka kawai, mutanenmu komai ya taɓa ciki sai a ce olsa a sayi magani a kemis. Yawancin gyambon ciki ƙwayar cuta ce ke kawo shi ko yawan shan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen, kuma ana gwajin ƙwayar cutar a asibiti. In ka ga jini a bahaya, ko kashi baƙi ƙirin, ko kana ramewa, ko ciwon na tashinka cikin dare, to wannan ba fargaba ba ce, maza ka ga likita.

Maman_Biyu:
Allah sarki, ni a kan ɗan ƙanwata na san hanji na da jijiya. An haife shi kwana biyu bai yi kashin farko ba, ciki ya kumbura yana ƙyalli, yana ta amai, tsofaffi na cewa a ba shi jiƙo. Likita ya ce ƙarshen hanjinsa ne babu jijiyoyin, wajen ya ƙi buɗewa, cutar Hirschsprung suke ce mata. Aka yi tiyata aka cire wajen, yanzu Alhamdulillah yana makaranta. Mata dan Allah a kula da kashin jariri na farko.

Ɗan_Fagge:
Nagode sosai, Allah ya ƙara wa yaro lafiya. To Anti likita, kukan da ciki ke yi da azumi fa, shima jijiyoyin ne?

Ɗalibar_Likitanci:
Su ne. In ciki ya zama wayam, kusan duk awa ɗaya da rabi zuwa biyu sukan tayar da wata matsa mai ƙarfi daga tumbi ta bi ƙaramin hanji tana share ragowar abinci da iska, ƙarar da kake ji kenan, kana cin abinci take tsayawa. Ranar jarabawa kuma ka rage kofi da shayi mai kauri da yaji, ka karya da wuri don ka samu lokacin zagawa, kafin ka shiga ka ja numfashi a hankali ka sake shi a hankali na 'yan mintuna, yana kwantar da jiki sosai.