Me za mu kira shi in tsinken gwaji ya ce babu ciki alhali akwai?

Salamu alaikum malaman Hausa, ma'aikatan lafiya da iyayenmu mata da ke nan. Kalma biyu nake nema, wasunku sun riga sun kawo shawarwarin suna da zan bi ɗaya bayan ɗaya, kuma ina so mu tsaya a kan wani abu kafin mu watse. Likitocinmu a Najeriya suna cewa "false negative" da "false positive", 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma na jin "faux négatif" da "faux positif" a bakin nasu. Na farko shi ne tsinken gwajin ciki ya fito da layi ɗaya, wato babu, alhali cikin yana nan. Na biyu shi ne ya fito da layi biyu alhali ba a ɗauke da komai. Matar da ta aika aka sayo mata tsinken a kemis, ta shige bayi da shi ita kaɗai, da wace kalma za a faɗa mata cewa abin da idonta ya gani ba lallai ne ya zama haka ba?

Mu fara kawar da "sakamako mai kyau" da "sakamako mara kyau" da wasu masu fassara ke rubutawa. Layi biyu albishir ne ga wadda ta daɗe tana neman haihuwa, ga mai goyon wata huɗu kuwa kwanika ce. Tsinke bai san kyau ko muni ba. Mata ma sun riga mu warware wannan, domin abin da suke faɗa shi ne "ya nuna akwai" ko "ya nuna babu". A kan wannan ya kamata mu ɗora.

Kafin a raɗa wa abu suna sai an san shi. Tsinken ba jariri yake gani ba, wani sinadari yake nema a fitsari mai suna hCG, wanda abin da zai zama mabiyiya ke fitarwa. Ba ya samuwa sai ƙwan ya manne a bangon mahaifa, wato kwana 6 zuwa 12 bayan fitar ƙwai. Daga nan yakan ninka duk kwana biyu zuwa uku, har ya kai ƙololuwa wajen mako na 8 zuwa na 11. Yawancin tsinkayen kasuwa sai ya kai ma'auni 25 suke kama shi, wasu masu tsada kan kama a 10.

Anti nas, na ga shawararki ta "babun gaggawa", wato babun da ake gani saboda an gwada da wuri, kuma ta burge ni, don kin kama babban dalilin. Kashi 99 cikin 100 da ake bugawa a jikin kwali lissafin ɗakin bincike ne, ba na uwar ɗaki ba. A 2001 Allen Wilcox da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa kusan kashi 10 cikin 100 na masu ciki, ranar farko ta ɓatan wata ƙwan bai ma manne ba tukuna, to ina sinadarin da za a gani? A 2004 kuma Laurence Cole ya gwada tsinke iri 18, ɗaya kaɗai ya samu da ke iya kama kashi 95 na masu ciki a wannan rana. Ga kuma mai shayarwa da wadda al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci, waɗanda ba su san ranar da za su fara ƙirga ba. Su shawarar da ake ba su ita ce su bari sai kwana 21 bayan saduwa ta ƙarshe.

Sai dai ba duk babu ce ta gaggawa ba. Mace na iya jira har mako guda bayan ɓatan wata, ta ɗirki ruwa kofi uku saboda zafi, ta gwada da azahar, tsinke ya ce babu. Sinadarin yana nan, ruwa ne ya salamce shi, kamar a jefa ƙwayar sukari ɗaya a randa. Shi ya sa ake cewa fitsarin farko na safe. Da azumi ma akwai abin lura da ba na jin ana faɗa: fitsarin farko shi ne na tashi sahur, kafin a sha ruwa. Na ƙarfe bakwai na safe ya biyo bayan ruwan sahur ne, ya riga ya tsarke.

Ga zafi. Takardar da ke cikin kwalin yawanci tana cewa a ajiye tsakanin digiri 2 zuwa 30. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu ana wuce 40, kuma mun san yadda shagon kwano ke zama da rana tsaka in ba wuta. Ranar ƙarewar wa'adi ba ta zo ba, lambar NAFDAC na jiki, amma abin ya gasu a kan kanta. Da damina kuwa ledar da ta huje danshi ke shiga. Har akwai wani abin mamaki, ko da yake ba kasafai ba: sinadarin ya yi yawa fiye da kima har ya toshe tsinken, layi na biyu ya ƙi fita ko ya fito dishi-dishi. Akan ga haka a cikin da ya yi nisa, ko a irin cikin nan da mabiyiya ke rikiɗa ta zama ƙulle-ƙullen ruwa. Wannan ai kishiyar gaggawa ce. Don haka Anti, sunan bai kamata ya rataya a wuyan dalili guda ba.

"Lalataccen gwaji" kuma yana da gurbinsa daban, kada mu ɓarnatar da shi. Shi ne idan layin tabbatarwa, wanda ke kusa da harafin C, bai fito ba sam, ko an tsoma tsinken har ya wuce alamar iyaka. Wannan bai ce akwai ba, bai ce babu ba, a jefar a sake.

Allah ya gafarta Malam, kai ka kawo "ɓoyayyen ciki". Da girmamawa, nan ne nake jin tsoro. A Hausa in aka ce ɓoye ciki, hankali wajen mace yake tafiya, ba wajen tsinke ba. Ka fi ni sanin aya ta 228 a Suratul Baƙara, wadda ta hana matan da aka saka ɓoye abin da Allah ya halitta a mahaifarsu, ka kuma san iddar mai ciki sai ta haihu. To a ce mace tana cikin idda, ta gwada da wuri, ya nuna babu, ta faɗa wa waliyyinta da zuciya ɗaya. Bayan wata guda ciki ya bayyana, sai ma'aikacin asibiti ya ce ai "ɓoyayyen ciki" ne. Dangin miji ba za su tsaya jin bayanin sinadari ba. Kalmar da za ta iya mai da kuskuren abin naira kaɗan ya zama tuhuma a kan 'yar mutane, ban yarda mu sa ta a bakin ma'aikata ba. Haka "kwantaccen ciki": yana da ma'anarsa tun kaka da kakanni, har malaman fiƙihu sun yi magana a kai, a bar shi inda yake.

Wannan dalilin ne ya sa nake ƙin duk abin da ke da "ƙarya" a ciki, ko da ita ce fassarar kai tsaye. Ƙarya da niyya ake yin ta. Kuma "cikin ƙarya" an riga an ba wani abu: mace ta ga al'ada ta ɗauke, ciki ya tasa, nono ya cika, a yi hoto a ga mahaifa wayam. Wannan tsinke ma babu yake nuna mata, kuma gaskiya ya faɗa.

Ɓangaren akwai ya fi ƙaranci, amma ya fi ciwo. Mafi yawansa daga karatun tsinke ne bayan lokaci. An ce a duba cikin minti 3 zuwa 5, kada a wuce 10. Sai a ajiye shi a kan taga, a dawo bayan an sauke tukunya, a ga wani layi siriri mara launi inda fitsari ya bushe. Ni "shatin bushewa" nake kiransa, in ba mai ja. Sai allurar hCG da ake yi wa masu neman haihuwa, wadda kan zauna a jiki har kusan mako biyu. Sai ragowar sinadarin bayan ɓari ko haihuwa, wanda kan ɗauki makonni kafin ya wanke. Matan da al'adarsu ke shirin ɗaukewa gaba ɗaya ma wani lokaci jikinsu kan fitar da ɗan kaɗan. Ƙwayoyin tazarar haihuwa da farasitamol da maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba ruwansu, a daina ɗora musu.

Akwai biyu da bai kamata su shiga wannan suna ba ko kaɗan. Wadda ta ga layi biyu, bayan kwana kaɗan jini ya zo, sau da yawa tsinken bai yi kuskure ba, cikin ne ya shiga ya fita da wuri. Ɓari ne, a kira shi da sunansa, a yi mata sannu. Na biyu, layi ko da dishi-dishi ne, in ya haɗu da ciwon mara ta gefe ɗaya, ko ɗigar jini, ko jiri, yana iya zama cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Wannan asibiti ake nufa a ranar, ba kemis a sayo wani tsinken ba.

Abin da na tsaya a kai shi ne "kuskuren babu" da "kuskuren akwai". Na san ba su da armashi, kuma wanda ya kawo "gizon gwaji" ya fi ni iya sarrafa harshe, sai dai gizo ido ke yi wa, ya dace da shatin bushewa kaɗai, bai ɗauki allura ko ragowar ɓari ba. Kuskure bai zargi kowa ba, bai kuma ɗaure mu da dalili guda ba. Ku gwada shi a bakin ungozoma: "Hajiya, kada ki dogara da wannan, yana iya zama kuskuren babu. Ki bari nan da kwana uku ki sake da fitsarin farko, in har yanzu shiru ki zo a ɗebi jini." Ku gwada shi kuma a wajen gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake yi da ɗigon jini a yatsa, za ku ga ya zauna daram, ba sai an ƙirƙiro wata kalmar ba.

Masu shirin lafiya a rediyo, ku ne za ku fi gane ko yana tafiya a baki. Wanda ke da wadda ta fi wannan ya kawo, da sharaɗin ta tsallake mai idda, ta tsallake mai ruwan sahur.